Motar sulke: abin da ƙarfenta ke tarewa da abin da ba ya tarewa

Akwai wata mota mai sulke da na daɗe ina wucewa ta gabanta a cikin garin Bauchi. An girke ta ne a bakin wata mahaɗa a shekarun da gari ya yi zafi, lokacin da ake tare hanya da ganguna da buhunan yashi tun kafin isha'i. Farkon zuwanta ratse mata ake yi, ɗan acaɓa ma sai ya rage wuta in ya doso ta. Sannu a hankali tayar baya ta sace, aka tokare ta da dutse. Damina ta zo ta wuce, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta. Gilashin gaba, mai kaurin yatsu biyu zuwa uku, ya yi fari-fari kamar idon da yana ta rufe. Ranar da na tsaya na dube ta da kyau, awaki biyu ne kwance a inuwarta, jami'in da ke gadinta kuma ya shanya rigarsa a kan madubi. Kuɗin jama'a ne aka sa aka saye ta, kuma akwai 'ya'yan mutane da a ranar nan suka shiga daji a bayan buɗaɗɗiyar Hilux, ba abin da ya raba ƙirjinsu da harsashi sai rigar kaki.

Duk sanda aka jera sababbin motoci a harabar gidan gwamnati aka miƙa makullai ga kwamishinan 'yan sanda, sai ka ji a majalisar shayi ana cewa an kawo tankokin yaƙi, kwanan 'yan bindiga ya ƙare. In an yi wata uku aka ji an yi wa jami'ai kwanton ɓauna an rasa rayuka, sai zancen ya juya: ashe motocin na bogi ne, an cinye kuɗin. Sau da yawa zance biyun nan kuskure ne, kuma daga wuri ɗaya suka fito. Ba mu san aikin da aka ƙera motar ta yi ba.

Ba duk mota mai ƙarfe ce tanka ba. Tankar yaƙi ita ce mai tafiya a kan sarƙa, da doguwar igwa a kanta, irin T-72 da sojojin Najeriya suka kai fagen daga a Borno. Nauyinta ya haura tan 40, tana kwankwaɗar mai, tana ɓarke kwalta, ba wanda ke sintiri da ita. Ƙasa da ita akwai manyan motoci masu dogayen ƙafafu da ake kira MRAP, waɗanda aka ƙera musamman don jure nakiyar da aka binne a hanya, nauyinsu daga tan 14 zuwa sama. Sai kuma wadda muke magana a kanta, ƙaramar motar sulke mai taya huɗu, wadda nauyinta ke kamawa daga tan 4 zuwa wajen tan 10. A cikin irinta akwai VBL ta Faransa mai ɗaukar mutum biyu ko uku, da Cobra ta kamfanin Otokar na Turkiyya, dukansu sojojinmu suna da su. Akwai kuma waɗanda ake ɗaukar ƙashin Land Cruiser ko wata babbar a-kori-kura, a cire bodin, a ɗora akwatin ƙarfe a kai. Yawancin waɗanda gwamnoni ke saya wa 'yan sanda irin wannan ne, su ne ake kira APC, wato motar sulke ta ɗaukar jami'ai.

Mu nan ba baƙin wannan ilimi ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ya ga 'yan lifida: doki da mahayinsa lulluɓe da lifidi mai kauri, an cusa shi da auduga ko rimi, kai da kwalkwali. Kibiya ba ta huda lifidi da sauƙi, shi ya sa su ne ke fasa sahun abokan gaba su kuma kare sarki. Amma dokin lifidi ba ya dogon gudu, yana saurin gajiya, mahayinsa in ya faɗi sai an tashe shi, kuma maƙiyi da ya san aikinsa kibiyar wuta zai sakar masa. Don haka ba a tura ɗan lifidi shi kaɗai, sai da dakaru a ƙasa da mahaya marasa nauyi a gefe. Lissafin da sarakunan yaƙi na da suka yi shi ne dai injiniyoyi ke yi yau. Abu uku ne ke jan juna: kariya, da sauri, da kayan da motar za ta ɗauka. Ka ƙara ɗaya, sai ka rage wani.

Bari mu auna da buhun siminti, tunda kowa ya san nauyinsa. Farantin ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, kowace milimita ta kaurinsa tana da nauyin kusan kilo 8. Kafin ƙarfen sulke ya tare harsashin AK-47 na gama-gari, ana buƙatar kaurin milimita 6 zuwa 7. Ke nan kowace murabba'in mita ta kai buhun Ashaka guda, ko ta ɗara. Gilashin da zai yi wannan aiki kaurinsa ya kai wajen santimita 4, murabba'in mitarsa ta kusa buhu biyu. Yanzu ka lissafa gefe biyu, da gaba, da baya, da rufi, da ƙasa, da ƙofofi. Kafin mutum ɗaya ya shiga, an ɗora wa motar wajen tan guda. Hilux kuwa duk abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce tan guda ɗin ba. Shi ya sa motar sulke ta gaskiya sai an sake mata sifirin, da shokozoba, da birki, da taya. In ba haka ba, za ta tare harsashi amma ta kasa tsayawa a gangara.

Ƙarfen ma ba kowanne ba ne. Wanda maƙera ke yin ƙofar gida da shi laushi gare shi, harsashin bindiga zai ratsa kaurin da ya fi wancan. Ƙarfen sulke an gasa shi an ƙosar da shi har ya yi taurin da ke farfasa kan harsashi. Matsalarsa ita ce walda: zafin wuta yana kashe taurin a daidai inda aka haɗa, don haka masu ƙira na kirki suke ɗora wani faranti a bayan kowace mahaɗa, da gefen ƙofa, da zagayen gilashi. Harsashi ba ya neman tsakiyar faranti, duk kafar da ya samu nan zai bi. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: ko harsashi bai huda ba, bugunsa na iya ɓantaro ɓarɓashin ƙarfe daga ciki ya watsu a kan na zaune. Saboda haka ake shimfiɗa wani ƙyalle mai tauri irin na rigar sulke a bangon ciki. Motar da ba ta da shi, daga waje ba za ka gane ba.

To wane harsashi motar ke tarewa? Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, kuma amsarta a rubuce take. Ƙungiyar tsaro ta NATO tana da ma'aunin da ake kira STANAG 4569, mai hawa-hawa. Mataki na 1 yana tare harsashin bindigar soja na gama-gari daga nisan mita 30, da gurneti. Mataki na 2 yana tare harsashin AK mai huda ƙarfe, da nakiya mai kilo 6. Mataki na 3 ya kai ga harsashin manyan bindigogi masu huda ƙarfe da nakiya mai kilo 8. Sai a mataki na 4 ake maganar harsashi mai kaurin milimita 14.5, shi ma daga nisan mita 200. A ɓangaren farar hula kuma za ka ji ana cewa B6 ko B7, ma'aunin Turai ne da ake auna motocin manyan mutane da na dakon kuɗin banki da shi. Yawancin ƙananan motocin sulke suna tsakanin mataki na 1 da na 2 ne, ko B6.

Ka riƙe wannan, sannan ka dubi makaman da ke hannun masu tayar da ƙayar baya a Arewa. Bindigar da ake girkewa a bayan mota, wadda kowa ke kira AA, ta harbo jirgi ce, harsashinta milimita 12.7 ko 14.5. Ƙaramar motar sulke ba a ƙera ta don ta tare shi ba. Roka ta RPG-7 kuwa tana huda ƙarfe mai kaurin fiye da santimita 25, wato ninki talatin da wani abu na bangon motar. In aka harbi APC da roka ta huje, ba shaida ba ce cewa an yi algus. Abin da aka saya ke nan. Laifin, in akwai, yana wuyan wanda ya tura ta inda ya san akwai roka ba tare da wani tanadi ba.

Nakiyar da ake binnewa a hanya ita ce babbar abokiyar gaba, kuma a nan ne ƙira ta fi kauri muhimmanci. Fashewa daga ƙasa sama take tashi. In cikin motar shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti, duk ƙarfin zai dake shi a tsaye, ya karya ƙafafu da ƙashin bayan na ciki ko da ƙarfen bai yage ba. A kudancin Afirka aka fi inganta maganin wannan a shekarun 1970: a yi wa motar ciki mai tsini kamar ƙasan kwalekwale, a ɗaga ta sama, yadda ƙarfin fashewar zai zame ta gefe biyu ya fice. Taya za ta tashi, gatari ya karye, amma akwatin da mutane ke ciki ya tsira. Kujeru ma a jikin bango ko rufi ake rataye su, ba a ƙasa ba. Casspir ta Afirka ta Kudu ita ce ta yi suna a wannan ƙira. Amurka sai da nakiyoyin Iraƙi suka cinye mata motocin Humvee da sojoji masu yawa kafin ta buɗe shirin MRAP gadan-gadan a 2007, kuma daga rarar irin waɗannan motoci ne ta ba Najeriya guda 24 a watan Janairun 2016.

Darasin da ya fi taɓa ni shi ne na Birtaniya. A 1992 ta fito da wata Land Rover mai ɗan sulke da ake kira Snatch, don sintiri a titunan Ayalan ta Arewa, inda barazanar ita ce jifa, da kwalbar fetur, da harbin bindiga jefi-jefi. A can ta yi aikinta. Da aka shiga yaƙin Iraƙi da Afganistan sai aka kwashi motocin nan aka kai su hanyoyin da ke cike da nakiya. Sojoji 37 suka mutu a cikinsu, har sojojin suka riƙa kiranta makara mai taya. Kwamitin binciken yaƙin Iraƙi ƙarƙashin John Chilcot, a rahotonsa na 2016, ya ɗora wa ma'aikatar tsaron ƙasar laifin jan ƙafa wajen kawo abin da ya dace. Motar ba ta canza ba, wurin da aka kai ta ne ba nata ba. Motar da ta dace da gadin banki a tsakiyar Gombe ba lallai ta dace da hanyar Damboa ba.

Ɗaga mota sama don tsoron nakiya shi ma yana da nasa kuɗin. Nauyi ya koma sama, sai ta yi saurin kifewa a kwana ko a gefen hanya mai zaizaya. Ga kuma ƙasarmu. Wanda ya san hanyoyin da suka ratsa Alkaleri zuwa Futuk da Mansur, ko waɗanda suka nufi Burra a Ningi da Lame a Toro, ya san yadda suke komawa a watan Agusta: taɓo, da rafukan da ba gada, da kwalbatocin da aka yi don amalanken shanu da ƙananan motoci. Ka ɗora tan 15 a kan irin wannan kwalbati, ka kashe wa ƙauyen hanyarsu, kai kuma ka maƙale. A nan ƙaramar motar sulke ta fi babbar amfani. Amma ita ma tana da iyaka, domin wanda take bi a kan babur yake, mutum biyu ko uku da bindiga, suna bin sawun shanu a cikin kurmi. Babu motar sulken da za ta bi babur cikin dajin Balmo ko gefen Yankari. Abin da za ta iya shi ne ta kai jami'ai bakin dajin da ransu, ta riƙe mashiga, ta zama garkuwar da za a fake a bayanta, ta kwaso wanda ya ji rauni.

Wani zai ce, to me zai hana a tsaya ga Hilux, tunda ta fi arha, ta fi sauri, kowane bakanike a Bauchi ya san cikinta? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. A watan Janairun 1987 sojojin Chadi da motocin Toyota ɗauke da makamai masu linzami suka tarwatsa rundunar tankokin Libiya a garin Fada, har aka raɗa wa yaƙin sunan Toyota. Ko maharan da suka shiga kamfanin siminti na Ashaka a watan Nuwamban 2014, abin da suka kwasa shi ne nakiyar fasa dutse da motocin a-kori-kura. Sai dai sauri makamin mai kai hari ne, wanda ya zaɓi lokaci da wuri. Mai sintiri ba shi ke zaɓa ba. Hanyarsa sananniya ce, lokacinsa sananne, shi ake jira. A kwanton ɓauna, daƙiƙoƙin farko ne ke cin rai: an buɗe wuta daga cikin ciyawa, direba ya faɗi, na baya ba su da mafaka. Abin da sulke ke saya wa jami'i ke nan, waɗannan 'yan daƙiƙoƙi. Direba ya rayu ya taka mota, tayoyin da ke da zobe a ciki su ci gaba da tafiya ko an fasa su, na tsawon kilomita 30 zuwa 50, mai bindigar sama ya mayar da martani, a kira ɗauki. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar sayen motar, kuma duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwar ɗan sandan da aka harbe a bayan Hilux ba zai yi musu ba.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, da ya yi shekaru yana tuƙa irin waɗannan motoci kafin ya ajiye kaki. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai ku da ke ciki kun huta, ba abin da zai same ku." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wanda ke ciki rabin makaho ne, rabin kurma." Ya kwatanta mini tagar da bai fi faɗin littafi ba, da ƙarar inji da ke hana ka jin daga ina harbi ke fitowa, da ƙofar da sai ka sa kafaɗa kafin ta buɗe in motar ta karkata. Sai zafi. A watan Afrilu, lokacin da rana ke kai maki 40 a inuwa, akwatin ƙarfe mai rufaffen gilashi tanda ne. In na'urar sanyaya ta mutu, dole a buɗe ƙofofi ko a hau sama a zauna, sulken ya zama na banza. A motar gida na'urar sanyi jin daɗi ce, a motar sulke kuwa tana cikin kayan kariya. Rana kuma ita ce ke raba yadudduka na gilashin, ya yi hazo kamar na waccan da na gani, har direba ya daina ganin hanya. Gilashin sulke yana tsufa, dole a sa kuɗin sauya shi a lissafi tun ranar saye.

Aikin ɗan sanda kuwa daban yake da na soja, kuma a nan nake ganin ya kamata a yi taka-tsantsan. Akwai ranakun da ba makawa sai da motar. Garin nan ya gan su: harin ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi a watan Yulin 2009, wanda daga shi wutar Boko Haram ta tashi, da fasa gidan yarin Bauchi a ranar 7 ga Satumban 2010, inda fursunoni sama da 700 suka fice. A Offa ta jihar Kwara, a watan Afrilun 2018, 'yan fashi ofishin 'yan sanda suka fara afka wa kafin su shiga bankuna, mutum sama da 30 suka rasu. A irin waɗannan ranaku, mota ɗaya mai tashi, da mai a cikinta da direba a kusa, tana iya sauya komai, domin da ita ne kaɗai ake iya kusantar mai bindiga ko a ɗauko wanda ya faɗi a tsakiyar titi.

Amma ranakun nan kaɗan ne a shekara. Sauran kwanakin, jarin ɗan sanda shi ne labari, labari kuma a bakin mutane yake: mai shayi, da ɗan kamasho a tasha, da mai unguwa, da mafarauci, da Ardo a ruga. Ba wanda zai ƙwanƙwasa gilashi mai kaurin yatsu uku ya ce ya ga baƙin fuska suna sayen burodi buhu-buhu a kasuwar ƙauye. Motar tana kare jami'i daga harsashi, tana kuma raba shi da jama'a. In aka saba fito da ita a kan ɗalibai ko masu zanga-zangar tsadar rayuwa, sai ta tashi daga garkuwa ta koma abin tsoro. Casspir ɗin nan da ta ceci rayuka daga nakiya, a unguwannin baƙaƙen fata irin su Soweto ita ce alamar zaluncin mulkin wariyar launin fata. A Amurka ma, ganin motocin sulke a titunan Ferguson a 2014 ya tayar da muhawara mai zafi kan mayar da 'yan sanda tamkar sojoji. Kuma cikin taron jama'a direban da ba ya ganin abin da ke gefensa hatsari ne ko da ba mugun nufi.

Yanzu mu koma kan dalilin da ya sa motoci ke mutuwa a tsaye. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, ta tarayya. Amma gwamnonin jihohi ne ke yawan sayen motocin, saboda su jama'a ke kuka wa. Gwamna ya saya ya miƙa, hoto ya fita. Daga nan wa zai zuba gas? Wa zai sayi taya, wadda ba irin ta kasuwa ba ce? Wa zai sauya batir, da birkin da nauyi ke cinyewa da wuri? Jiha na ganin ta yi nata, rundunar kuma ba ta sa motar a kasafinta ba tun farko. An kafa asusun tallafa wa 'yan sanda da doka a 2019 don irin wannan giɓi, amma wanda ke zagaya bayan ofisoshin 'yan sanda ya san motocin da ke kan dutse ba su ƙare ba. Ƙari a kan haka, mun tara iri-iri: ta Turkiyya, ta Faransa, ta Sin, ta Afirka ta Kudu, ta Yukiren, kowace da nata kayan gyara da nata makullan. Bakanike ɗaya ba zai ƙware a duka ba, sito ɗaya ba zai ajiye kayan duka ba. Ƙarshenta sai a riƙa ciro na wannan a sa wa waccan, mota uku su koma ɗaya. A fagen daga abin ya fi muni: motar da ta mutu a hanya ba abin janta, in aka bar ta, gobe a hannun abokan gaba za a gan ta, kamar yadda aka sha gani a bidiyon da suke fitarwa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne Bauchi ce gidan wannan sana'a a Najeriya. A barikin Obienu hedikwatar rundunar motocin sulke take, da makarantar da ake horar da masu sarrafa su. A garin nan aka kafa masana'antar Steyr a ƙarshen shekarun 1970, tare da kamfanin Ostiriya, lokacin da Kaduna ta samu Peugeot, Kano ta samu Fiat, Ibadan ta samu Leyland. Manyan motoci da taraktoci aka haɗa a nan, kuma motocin sulke na Steyr sun daɗe a hannun sojojinmu. Hannayen da suka san ƙarfe da inji suna nan, wasu sun tsufa, wasu sun koyar da yara a garejoji.

Ƙira a cikin gida ma ta fara kankama. Hukumar DICON mai ƙera makamai da ke Kaduna, wadda aka kafa tun 1964, ita da injiniyoyin soja sun fito da motar MRAP mai suna Ezugwu, wadda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a watan Disamban 2019. Kafin ita akwai Igirigi a 2012, zamanin Shugaba Jonathan. Kamfanin Proforce a Ode-Remo ta jihar Ogun yana ƙera Ara da wasu ƙanana, har ya sayar wa Chadi. Gaskiya ne inji da ƙarfen sulken har yanzu yawanci daga waje ake shigo da su. Duk da haka ribar tana nan: wanda ya ƙera motar yana cikin ƙasa, ana iya kiransa ya zo ya gyara, ana iya gaya masa cewa kwalbatocinmu ba sa ɗaukar wannan nauyi ya rage. Sharaɗi ɗaya ne bai kamata a sassauta ba don kishin ƙasa: a gwada. A harbi farantin a gaban masana, a tayar da nakiya a ƙarƙashin samfuri, a rubuta sakamako. Ran kurtu ba wurin gwaji ba ne.

Ga kuma sabuwar barazana daga sama. Rufin motar sulke shi ne mafi rashin kauri, domin a da ba a tsammanin hari ta can. Yaƙin Yukiren tun 2022 ya nuna yadda ƙaramin jirgi maras matuƙi mai arha ke sakin bam a kan rufi ko ya shiga ta ƙofa, kuma mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, sun fara gwada irin wannan a yankin Tafkin Chadi. Motar da za a saya yau ta yi shekara goma tana aiki, dole a yi tunanin ragar ƙarfe a samanta da na'urar katse sadarwar jirgin.

Don haka in an sake jera motoci a Bauchi ko Gombe, 'yan majalisar jiha da 'yan jarida da shugabannin al'umma suna da abin tambaya da ya wuce guda nawa ne. A faɗi matakin kariyarta da wanda ya gwada ta. A nuna takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, tunda sai da ita ake shigo da motar sulke. A faɗi inda za a girke kowace, domin motar da aka saya da sunan mutanen Alkaleri ko Ningi bai kamata ta ƙare a jerin gwanon wani babba ba. A sa a cikin kwangila cewa mai sayarwa zai kawo kayan gyara na shekaru, ya horar da direbobi da makanikai, a kuma sayi motar ja ko da guda ɗaya ce. Gara a sayi shida iri ɗaya da kuɗin kula da su, da a sayi goma iri uku a bar su ga Allah. Jihohin biyu kuma za su iya zama da rundunar soja su nemi yarjejeniyar gyara da horo a nan Bauchi, inda masana aikin suke. Daga Gombe tafiyar wajen kilomita 150 ce, daga Alkaleri ba ta kai rabin haka ba. Motar da ta lalace da safe za a iya ɗora ta a tirela ta kwana a gaban bakanike.